Ƙwaryar da Ta Ƙi Raguwa a Kasuwar Kandarau

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa bai yi shawara da kowa ba, ya raba muryoyi bai auna da mudu ba, ya ba wani siririya kamar zare, ya ba wata kamar aradu. Bayan haka, ina tuhumar wasu mutane. Ba zan kama sunansu ba, sun san kansu. Suna can kan dutse cikin manyan riguna, ko faɗan zakaru ba su taɓa rabawa ba, amma su ne suke jera ƙasashen duniya daga ta ɗaya zuwa ta arba'in, su ce wannan ta fi zaman lafiya, waccan ta fi tashin hankali. Ina tuhumarsu da ƙarya, ina tuhumarsu da ragwanci, ina kuma tuhumarsu da cewa saura ƙiris su raba ni da uwata.

Ni ne Tunau gyartai, ɗan Gwamma mai daddawa, mutumin Kandarau, can bayan Tekun Kanwa inda rana take fitowa ja ta faɗi shuɗiya. Ban zauna gaban malami ba. Ɗan karatun da na iya a gindin ƙore na tsince shi, wajen duba sunayen masu su. Amma ƙwarya kam na san ta ciki da waje, shi ya sa da na ji da ita ake awon duniya raina ya ɓaci tun kafin a gama yi mini bayani.

Ga yadda suke yi. Kowace shekara suna aika mutum guda kowace ƙasa, kowace da ranarta, ana kiransa Mai Ƙwarya. Da hantsi zai tsaya tsakiyar babbar kasuwa, ƙwarya cike maƙil da ruwa a tafukansa. Ba ya magana, ba ya motsi, ko ƙuda ba ya kora, har la'asar. Duk ihun da ya girgiza ruwan ya zube, darajar ƙasar ce ta zube. Da la'asar sai ya tsoma tsinke, ya yi alama inda ruwa ya tsaya, ya kai wa na kan dutse. Ƙasar da tsinkenta ya fi jiƙa ita ce ta ɗaya. Iyakar ilmin ke nan. Fatake kuwa da wannan jerin suke zaɓen hanya.

Mu a Kandarau al'adu biyu gare mu. Ta farko, ba ma ajiye magana a ciki. Wanda ya ɓata maka rai, ka ja shi gindin tsamiyar kasuwa ku yi ta zagin juna har murya ta dushe, wanda ya fara gajiya ya sayi fura ku sha tare. Tun zamanin kakan kakana wuƙa ba ta fita kube don mutum ba a garin. Ta biyu, ba ma iya ganin ƙwarya ta ragu a hannun baƙo mu wuce, sai mun cika masa. Don haka ne ma dattawa suke kewaye Mai Ƙwarya da zana, su sa 'yan doka, kada kowa ya matsa ya dame shi.

Shekara biyu a jere mu ne ta arba'in. Ayarin gishiri ya daina biyowa, aka koma lasar kanwa. Sarkin Kasuwa Ranau ya tara mutane, ya sa aka kira ni da uwata.

Sai na faɗa muku wace ce Inna Gwamma. Ta taɓa kiran akuyarta daga bakin rijiya, awakin ƙauyuka uku suka zo.

Ranau ya dube ni ya ce, "Tunau, ba ƙin ta muke yi ba. Amma bara ita kaɗai ta zubar da rabin ƙwarya."

Na ce, "Baba, ai mutumin ne ya ce daddawarta ba ta wari! Wa zai ji wannan ya yi shiru?"

Ya ce, "Mun yanke. Bana ranar awo za mu rufe ta a rumbu. In kuma muka sake zuwa ta arba'in, na rantse da rawanina, washegari za a haye da ita tsallaken Baƙin Kogi, ba dawowa."

Inna ta dafa gwiwarta mai ciwo ta miƙe. "Ranau, ni za ka kora? Ni da na goya ka kana tsula mini fitsari a baya? Kabarin mijina yana garin nan, ka ce in je in zauna da kadoji?"

Tantabarun da ke kan tsamiya suka watse. Ranau ya toshe kunne ya ce, "Ka dai ji da kanka."

Saura wata uku a yi awo. Na ce su ba ni su, in je ƙasashe ukun da ke saman jeri in ga me suke ci da ba ma ci. Na ɗinke wani tsohon masaki da ya fi ɗaki faɗi, na shiga ciki da basillata da guzurin daddawa, iska ta tura ni Tekun Kanwa kwana tara.

Na fara sauka a Lambusa, ƙasa ta uku. Kowa murmushi yake, har mai bin gawa. A ƙofar gari aka miƙa mini tukunya, na ɗauka ta girki ce, na yi godiya. Ban yi taku ɗari ba wani ya taka mini ƙafa da jaki, ya wuce yana murmushi. Na buɗe baki ke nan sai wani ɗan doka ya kifa mini tukunyar a fuska.

Ya ce cikin taushi, "Baƙo, a tukunya."

"A tukunya me?"

"Fushin. A nan duk wanda ransa ya ɓaci a tukunya yake zubawa. Mu liƙe bakin da yumɓu mu kai bayan gari."

Ya nuna mini. Abin da na ɗauka dutse ne da nake shigowa, ashe tarin tukwane ne na shekara arba'in, ya ninka ganuwa tsawo. To, ni ba a roƙona zagi sau biyu. Na cusa kai na fara da mai jakin, na bi ta kan jakin, na gangara zuwa dangin jakin na wajen uwa. Salon Inna na ɗauko. Ɗan dokan ya liƙe tukunyar tana zafi, ya ruga da ita yana sauya hannu, ya ɗora a gindin tarin.

Tukwanensu an gina su ne don fushin Lambusa, siriri mai ladabi. Tawa ta kumbura ta fashe. Ta kusa da ita ta fashe. Kafin ka ce me, dutsen nan gaba ɗaya ya kama fashewa, zage-zagen shekara arba'in suka taso kamar fara suka rufe gari, kowanne da muryar mai shi. Ga muryar alƙali yana cewa kan sarki kamar gwanda. Ga ta sarki yana cewa alƙali ɓarawon kaji ne. Ga ta wata tsohuwa tana tsine wa maƙwabciyarta a kan ludayin da aka ara tun suna 'yan mata. Murmushi ya bushe. Mata suka ɗauko taɓare, maza suka ciro gatura, mutanen da ba su taɓa koyon faɗan baki ba suka fara da na hannu. Ni kuwa na kifa wata fasasshiyar tukunya a ka, na bi ta tsakiyarsu ina murmushi har na fita ƙofar yamma.

Kwana goma sha biyu na yi cikin dajin da itatuwansa suke juya baya in mutum ya zo wucewa, sannan na iso Kwazaga, ƙasa ta biyu. Hanyoyinta shimfiɗe da auduga, har gudumomin maƙera an naɗe su da tsumma. Maƙeran kuwa sun fi manoma yawa, kuma ba fartanya suke ƙerawa ba. Ina cikin kallo aka jefa mini igiya, aka cusa mini auduga a baki, aka jera ni da wasu baƙi wajen sittin.

Sarkin Yaƙinsu ya zo duba mu, ƙaton mutum mai magana da raɗa. Ya ciro audugar bakina don ya duba haƙorana, na samu hanya.

Na ce, "Kai, mai wuyan bajimi, ina za ku kai mu?"

Ya raɗa mini, "Ɗaukar kibau. Bayan awo za mu fita yaƙi."

"Yaƙi? Ba ku ne ta biyu a zaman lafiya ba?"

"Mu ne. Ai ba ma yi a gida, ƙazanta ce. Ƙasa ta talatin da takwas muke zuwa mu yi, wata shekarar ta talatin da tara. Mutanen can ba su da natsuwa ko kaɗan, kana ƙona musu gari suna ihu. Shi ya sa suke ƙasan jeri."

Ya mayar mini da audugar kafin in ba shi amsar da ta dace da shi.

Allah ya sa ranar awonsu ta zo muna ɗaure. Da hantsi aka bi da mu ta gefen kasuwa za a ɓoye mu bayan gari. Ga Mai Ƙwarya a tsaye, ruwansa ko rawa ba ya yi. Ni kuwa tun safe nake tauna audugar nan, cikin da ya tashi da daddawar Inna ba ya tsoron auduga. Da muka zo taku goma da shi na haɗiye ta, na tsaya cak, na cika ƙirji da iska har igiya ta yi ƙara.

Sarkin Yaƙi ya gane. Ƙaton nan ya zube a gabana, ya raɗa, "Baƙo, ka rufa mana asiri."

Na raɗa masa, "Ni ɗan Gwamma ne ta Kandarau, ta arba'in. Ihu ɗaya zan yi ku koma ta ashirin."

"Me kake so?"

"A kwance duk wanda ke igiyar nan. A kawo mini abin hawan da ya fi gudu a ƙasarku. In kuwa ka soke ni da mashi, ka sani da ihu zan mutu."

Aka kwance mu a hankali kamar ana kwance jariri. Aka kawo mini jimina mai tsawon giginya, an ɗaura mata takalman auduga. Na hau na ƙi gode musu.

Jiminar nan ta tsallake duwatsu bakwai da kogin da yake gudu sama, ta dire ni a Tsitara, ƙasa ta ɗaya shekara goma sha ɗaya a jere. Ban taɓa ganin gari mai kyanta ba. Hanyoyi a share, ƙofofi a buɗe, rumfunan kasuwa a jere. Na yi sallama a gida ashirin ba wanda ya amsa. Ba kaza, ba kare, ko tsuntsu babu. A tsakiyar kasuwa na tarar da wani tsoho da rawani yana shara da tsintsiyar gashin tsuntsu.

Na ce, "Baba, ina mutanen garin?"

Tsintsiyar ta faɗi. Ya daɗe yana motsa baki kafin murya ta fito, kamar ƙofar da ta shekara a rufe. "Ni ne. Ni ne Sarki Arzika, ni ne kuma talakawa."

Na zauna, ya ba ni labari. Da can su ne ta goma sha bakwai, abin yana ci masa rai. Akwai wata mai sayar da manja a kasuwar, muryarta ta fi ta kowa. Ya kore ta, suka koma ta goma sha biyu. Daɗi ya kama shi. Ya kori makaɗa da maƙera, suka zama ta takwas. Ya kori zakaru. Ya kori jarirai, uwayensu suka bi su, ubanninsu suka bi uwayen. Ya kori masu tari. Waziri ya yi atishawa ranar awo, ya bi sahu.

Na ce, "Sarauniya fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Ta yi dariya."

Ni kuwa hankalina ba a kansa yake ba. Mai manjan nan nake gani da fuskar Inna.

Sai ya kama hannuna. "Baƙo, don girman Allah, zage ni. Shekara goma sha ɗaya ba wanda ya ce mini ko kanzil."

Na zage shi, kuma da zuciya ɗaya na yi, don ya cancanta. Na kira shi sarkin rumfuna, mai mulkin tsintsiya, wanda ya ci gari ya bar kwano. Ya lumshe ido kamar mai shan ruwan sanyi, sannan ya ce, "Da daɗi, amma bai kai na mai manja ba. Akwai wanda ya fi ka?"

Na ce, "Akwai uwata. In kana so ka ji ta, hau, don saura kwana shida a rufe mata baki."

Bai ko waiwayi fadarsa ba. Ya haye bayana da tsintsiyarsa.

Ranar awo da hantsi muka shiga Kandarau, na ɗauka mun yi ɓatan hanya mun koma Tsitara. Wata ukun nan Ranau ya hana zuwa gindin tsamiya. Mutane suna ciniki da yatsu, fuskoki a kumbure da maganar da ba a faɗa ba. An ɗaure bakin awaki da rama. Ga Mai Ƙwarya a tsakiya, wani dogo mai ƙaramin gemu, ruwansa cike. Amma bana ba zana, ba mai tsaronsa, don duk 'yan dokan garin an tara su kewaye da rumbun da aka rufe Inna. Daga cikin rumbun wani gunji yake fitowa kamar na ƙudan zuma.

Ranau ya tare ni yana raɗa, "Me ka samo mana?"

Na nuna masa tsohon da ke bayana. "Ga abin da na samo. Wannan ne sarkin ƙasa ta ɗaya, shi ne kuma mutanenta duka. Da korar wata mai manja ya fara."

"Ka rage murya, Tunau! Dubi ƙwarya, ko ɗigo bai zuba ba. Ka bari a kai la'asar, uwarka ta tsira."

"Bana ta tsira. Baɗi fa? Rumbu nawa za ka gina?"

Gaskiya ban yi wani dogon tunani ba, ni ba mai yi ba ne. Na san in ruwa ya zube uwata ce za ta haye kogi. Amma gunjin nan na cikin rumbu ya hau mini kai. Na zaburi jimina ta tsallake 'yan doka, na sa ƙafa na ture murfin rumbun.

Inna ta leƙo, ƙaiƙayi a kanta. Ni ta fara gani.

"Tunau! Ɗan banza mai ƙafar yawo! Wata uku ko saƙo babu! Dubi wuyanka kamar mariƙin ludayi, a can ba sa ba mutum abinci ne? Wannan tsohon kuma da ka kwaso, mai fuska kamar an wanke ta an manta ba a shanya ba, wane ne?"

Sarki Arzika ya sauka ya durƙusa, hawaye yana bin gemunsa. Ya ce, "Ƙara, baiwar Allah. Ƙara."

Ta kuwa ƙara. Wannan ya buɗe bakin gari. Faɗan wata uku ya ɓalle lokaci guda, mahauci da mai kayan miya, surukai da surukai, masu ƙosai biyu da suka yi wata uku suna harara. Awaki suka tsinke rama suka shiga. Ruwan ƙwarya ya fara rawa, ya fara tsalle, ya zubo wa Mai Ƙwarya a riga. Ranau ya zauna a ƙasa ya ɗora hannu a ka. Na duba na ga ƙwarya ta koma rabi.

Inna ma ta gani. An sauko da ita tana tsakiyar wanke Ranau, sai ta tsaya.

"Wane marar tarbiyya ne ya bar baƙo a rana da rabin ƙwarya? Garin nan ya lalace!"

Ta fizgi tulun mai ruwa, ta ɗingisa, ta cika masa maƙil, ta juya ta ci gaba da Ranau daga inda ta tsaya. Idanun Mai Ƙwarya suka fito, amma dokarsu ta hana shi magana, ta hana shi motsi. Ruwa ya sake zubewa. Mahauci, yana cikin gaya wa mai kayan miya asalin kakansa, ya miƙa hannu ya ƙara da butarsa ko dubawa bai yi ba. Haka aka wuni. Ba wanda ya shirya hakan, ba wanda ya daina faɗa. Duk wanda ya gifta ya ga ta ragu sai ya cika ya wuce. Da muryoyi suka dushe aka fara sayen fura, ana zama bibbiyu a gindin tsamiya.

La'asar ta yi. Mai Ƙwarya, jiƙe sharkaf har ƙafa, ya tsoma tsinke. Ya jiƙe har sama.

Ya yi ihu, "Wannan ba awo ba ne!"

Inna ta ce, "Kai kuma kada ka yi mana ihu a kasuwa. Karɓi fura, bakinka ya bushe."

Ya sha, har ya nemi ƙari.

Na kan dutse suka yi kwana arba'in suna juya tsinken nan. Su sa mu ta ɗaya, rigar mutuminsu ta ƙaryata su. Su sa mu ta arba'in, tsinkensu ya ƙaryata su. Sai suka kankare sunanmu daga jerin gaba ɗaya, suka ce ƙasashen duniya talatin da tara ne. Da labari ya iso, Ranau ya tara mutane ya ce shi a kan ta arba'in ya rantse, kuma ta arba'in babu ita. Inna ta ce ko da akwai ta, ya zo ya ɗauke ta ya gani.

Fatake suka bi jeri kamar kullum, suka kai gishirinsu Tsitara, suka yi kwana uku suna sallama. A hanyar komowa ƙishirwa ta biyo da su ta wajenmu, tun daga nan ba su sake sauya hanya ba. Sarki Arzika yana nan, shi yake share rumfar Inna. Kowace safiya sai ya ɗauki daddawa ɗaya ya shinshina ya ce, "Gwamma, ta yau ba ta wari." Sannan ya gyara zama.

Har yau ba ma cikin jerin. Tsitara kuwa tana nan a ta ɗaya, Mai Ƙwarya yana zuwa duk shekara ya tsaya shi kaɗai, ya koma da tsinke jiƙe. To, kai mai karatu, in ka ce sharri na yi wa na kan dutse, ga jimina a ɗaure a ƙofar gidana, na ba ka aro. Je ka ƙasa ta ɗaya a zaman lafiya, ka samo mini mutum guda a cikinta da zai ce Tunau ƙarya yake yi.